Sifirin Salima

Salima ɗiyar Iro ce, wani manomin gero a karkarar Gangara. Cikin 'ya'yansa tara ita kaɗai ta yi nisa a karatun lakol. Ta koyi aikin jinya a Maraɗi, aka maido ta gidan likitan ƙauyensu, ɗaki biyu da rumfar kara.

Shekararta huɗu tana cika takarda da biro kafin a ba ta tabilet. Aka tara ma'aikatan jinya kwana uku ana koya musu. Kowace Litinin kafin azahar za ta sa yawan waɗanda suka zo da ƙyanda ko sanƙarau ko amai da gudawa, ta danna ya tafi. In babu kowa ta sa sifiri. An ce musu da lamba ta hau manya za su gani, su aiko mota da allura. Salima ta yarda har zuciyarta, ba ta taɓa latti ba.

Da bazarar bara magani ya yanke. Mata suka gaji da tahowa kan amalanke cikin rana su koma hannu banza, suka daina zuwa.

Wata Asabar Baturiya, tsohuwar ungozomar ƙauyen, ta zo ta zauna bakin rumfa.

"Ɗiyata, ƙyanda ta shiga tungar gabas. An rufe biyu jiya, yau ɗaya."

"Inna, me ya hana su kawo su?"

"Su kawo ki ba su me?"

Salima ta hau moto ta tafi. Ta iske yara huɗu kwance, ido ja, jiki duk ƙuraje. Ran Litinin ta haɗa da uku da suka rasu ta sa bakwai.

Da la'asar Malam Hamisu ya kira ta, shi ke duba lambobin da ake aikowa.

"Malama, littafinki ya nuna ba wanda ya zo. Bakwai daga ina?"

Ta gaya mishi.

"Kin ɗauki jininsu?"

"Ba ni da kwalbar ɗauka tun watan jiya."

Ya ce, "Ban ƙaryata ki ba. Amma in lamba ba ta dace da littafi ba, ni za a maido wa ita. Ki gyara, ki rubuta sauran a gurbin bayani."

Ta goge bakwai ta sa sifiri. A gurbin bayani ta rubuta sunayen yaran da na iyayensu. Sati biyar tana haka, sunaye na ƙaruwa, ba wanda ya kira.

A taron ƙarshen wata uku aka haska taswira jikin bango, ƙauyensu kore shar, alamar ba cuta. Aka kira sunanta cikin masu aiko rahoto kan lokaci, aka tafa mata. Ta ɗaga hannu za ta yi magana, aka ce lokacin abinci ya yi.

Sai da cutar ta kai garin kasuwa, inda ake da kwalabe, sannan motoci suka zo. Aka yi allura kwana huɗu. Kafin nan tungar gabas ta rufe yara goma sha ɗaya, cikinsu har da tagwayen wani mutumin tungar, Hambali.

Bana Baturiya ba ta kawo mata labari. In sun haɗu a rijiya sai su gaisa, su yi zancen zafi. Salima ta rubuta takardar neman a canza mata wuri, wata bakwai ba amsa. Da ƙanwarta Farida ta ce ita ma aikin jinya take so, Salima ta ce mata gara ta fara koyon ɗinki tukuna.