Jibin Ubangiji a Gwangwanin Madara

Shekara goma ke nan da muka binne yayata Rifkatu, kuma sai bana matan zumuntar majami'armu suka tuna cewa ita "uwa ce a cikin Ubangiji". Har hotonta za su buga a jikin atamfa, su ɗauko mai bidiyo. Da tana raye da ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Tarin fuka ne ya kwantar da ita a ɗakinmu na haya a Unguwar Shanu. Matan nan sukan zo dubiya, ban musa ba. Su sha anko, su jeru a tsakar gida da tulun kiɗa, su rera waƙa har maƙwabta su leƙo, sannan shugabarsu, Mama Saratu, ta ɗaga murya daga bakin ƙofa ta ce, "Rifkatu, ki binciki zuciyarki, ko akwai zunubin da ba ki furta ba." Babu wadda ta taɓa ɗaga labule. Mai shiga ita ce Inna Hadiza, matar telan da ke maƙwabtaka da mu, Musulma, wadda ke kawo kunu ta zauna a bakin katifa ta tallafe mata kai.

Ba mutuwar ce ta fi damuna ba, don likita ya riga ya ce mun makara. Tsorona kada Yaya ta tafi tana zaton Allah ma ya guje ta. Na sha jin ta tana tambayar kanta laifin me ta yi masa.

Da ta roƙi a kawo mata Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin nan da muke karɓa a sujada, dattawan majami'a har zama suka yi a kai, sai ka ce fili ta nema. Daga ƙarshe ɗayansu ya zo. Ƙoƙon majami'a kuwa ya baro shi can, kada tari ya ɓata shi. Ya ce in wanko gwangwanin madara, ya tsiyaya ruwan inabin a ciki, ya miƙo mini, ya yi addu'a daga waje da hankici a hanci. Saura ƙiris in watsa masa a farar rigarsa.

Yaya ta karɓa da hannu biyu ta shanye. Sannan ta ce, "Ke Talatu, daina huci. Su ne ke tsorona. Shi Ubangiji ga shi ya shigo, ko da a gwangwani ne." Daga ranar ban ƙara jin ta tambayi laifinta ba. Wannan ne gadon da ta bar mini, kuma ya ishe ni: Yesun da ya sa hannu ya taɓa kuturu ba ya jiran dattawa su gama shawara.

Makon jiya Mama Saratu ta zo har gida, wai ni zan yi jawabi ranar tunawa. Na ce zan yi, amma su fara zuwa Kurmin Mashi su shiga ɗakin matar da ke kwance da irin wannan tarin tun damina, wadda ta yi shekaru tana share musu majami'a duk Asabar.

Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Wace ce kuwa, 'yata?"

Na ce, "Mama, ki tambayi Allah. Ya san sunanta, kullum yana wurinta."