Zanen da Raliya Ta Bar Mini Ajiya

Washegarin da aka kai maigidana Malam makwancinsa, a 2001, Raliya ta shigo mini da kunun gyaɗa mai ɗumi. Ta ajiye kwanon, ta zauna a bakin tabarmata. Haka ta riƙa yi kowace safiya har na gama takaba.

Maƙwabciyata ce a Akurba, katanga ɗaya ta raba mu, da 'yar ƙofa ta mata. Ɗiyar mai sayar da doya ce, Allah ya sa ta auri Wakili Bahauddeen, ɗan gidan sarauta mai babbar gona a hanyar Assakio. Da daminar 1997 aka tsinci gawar Torkula, mai kula masa da gonar, a cikin doya. Kwana biyu kafin nan an ji shi da Wakili suna cacar baki. Kafin 'yan sanda su iso, Wakili ya fita da mota. An sami motar a tasha, shi kuwa har yau shiru. Ko shi ya aikata ko ba shi ba, Allah ne masani.

Dangi suka ce tafiya ya yi. Wannan ya gan shi a Kamaru, wancan a Makka. Sau uku Raliya na shirin zuwa wurin alƙali a raba mata gardama, matar aure ce ko mai takaba. Sau uku yayansa, Alhaji Safiyullahi, yana hana ta, wai in aka ce Wakili ya mutu rawanin zai koma wani gida. Don haka duk Juma'a sai ta wanke babbar rigar Wakili ta shanya inda masu wucewa za su hango. Ba ta fita sai da izinin miji, mijin kuma babu.

Ngunan, matar Torkula, ta yi makokinta ta gama, ta koma Obi, har ta sake aure. Raliya ta taɓa ce mini Ngunan ta fi ta sa'a, sannan ta yi istigfari.

Shekara tara ke nan zanen takabata yana ƙasan akwatina, rigar Wakili kuma tana kan igiya. Ranar da na fita takaba na naɗe zanen zan bayar sadaka, kamar yadda aka saba, sai ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Yaya, kada ki bayar. Ki ajiye mini. Ranar da aka yarje mini in yi tawa, da shi zan zauna."