Irin Shuka a Ɗakin Na'ura

Ni mai gadi ne. Ina gadin dogon ƙarfen wayar salula da ke bayan garinmu, kan hanyar Gidan Amumune. Da can noma kaɗai nake yi, har yanzu ma ban bar shi ba. Aikin gadin ba wuya. In share fili, in kori awaki daga shinge, in buɗe wa masu kawo gazuwal, man injin wuta. A gindin ƙarfen akwai ƙaramin ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Makullin shinge yana hannuna. Na ɗakin yana hannun injiniyan da ke zuwa daga Maraɗi.

Mutumin kirki ne, magidanci, amma na girme shi nesa. Baba yake ce mini, ni kuma in ce masa Injiniya. In ya zo yakan bar ni in tsaya a bakin ƙofa in sha sanyi, don ɗakin da kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kullum kamar cikin randa yake. A ciki akwai kanta ta ƙarfe, a kanta wata na'ura mai faɗi da yake kira rutar. Ya ce duk maganar da mutanen yankinmu ke yi a waya ta cikinta take bi, ita ke nuna wa kowace magana hanyarta. A gabanta akwai gurabe a jere, wasu da kati a ciki, wasu an rufe su da marfi.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki aka rufe iyakoki, damina ta yanke mana da wuri. Hatsi yana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Na zauna na zaɓi zangarniyar da ta fi cika, uwar yara ta sussuke, na ware wake, na ɗinke a buhu biyu, ɗaya hatsi ɗaya wake. Wannan iri ne.

Na san abin da yunwa ke yi wa iri. Ina yaro aka yi babban fari, lokacin ma soja ke mulki. Ubana ya zuba iri a tulu ya liƙe bakin da laka, ya ce kowa ya taɓa zai gamu da shi. Da bazara ta yi nisa, shi da kansa ya fasa. Muka ci. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Amma ruwa ya zo, gonarmu ta zauna fayau, muka koma ƙwadago a gonakin mutane, kuma mun daɗe kafin mu sake tsayawa da ƙafarmu. Tun daga nan ban yarda da kaina a kan iri ba.

Da sanyi ya fara shigowa Injiniya ya zo da wani kwali. Ya fito da kati daga wata leda mai ƙyalli, faɗinsa kamar tafin hannuna. Ya ce wannan ne zai haɗa ƙarfenmu da sabon da aka kafa wajen Mayahi, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙara ƙarfi. Ya ɗaura wata igiya a wuyan hannunsa, ya maƙala bakinta a jikin kantar, ya kwance marfi ɗaya, ya tura katin. Ya shiga daidai. Fitilarsa ta kama, ja. Ya buɗe ordinatarsa, kwamfutar da yake yawo da ita, ya daɗe yana duba, ya yi tsaki.

Na ce, "Bai shiga ba?"

"Ya shiga, Baba. Na'urar ce ba ta iya ɗaukarsa. Memwar ta yi mata kaɗan."

"Ga wuri kuma ya samu."

"Wurin zama daban, abin riƙe shi daban. In ka ƙara mutum a gida, ɗaki kaɗai zai ishe shi?"

"Sai da hatsi."

"To ita ma haka. Katin nan yana son sabon tsari a cikin na'urar, tsarin kuma yana son memwar da ta fi wannan. Wutar ma sai da na duba, ita dai ta isa. Waɗanda suka aiko shi gurbi kawai suka ƙirga."

Ya zare katin ya mayar a ledarsa, ya ajiye a kan kanta. Ya ce zai sa a aiko memwar, in ta zo zai dawo.

Na ce, "Yaushe?"

"Kafin zafi, in Allah ya so."

Nan dabara ta zo mini. Ɗaki mai sanyi, ƙwaro ba ya shiga, ɓera ba ya shiga, ni ma ba na shiga. Na gaya masa ina son ajiye irina a ciki. Ya yi dariya, ya ce an hana ajiye komai a ɗakin, in shugabansa ya ji, mu biyu za mu bar aiki. Na ba shi labarin tulun ubana a taƙaice. Ya ce in je in kawo buhunan. Shi ya kama mini buhu ɗaya muka jingina su a lungu, nesa da wayoyi. Ya kulle, ya tafi.

Bazarar ta yi tsanani, amma mun ci. Albashin gadi ya riƙe mu, da ganyen tafasa, da ɗan abin da uwar yara ke samu a ƙuli-ƙuli. Akwai ranar da tukunya ba ta hau wuta ba, na zauna a gindin ƙarfe ina kallon ƙofar nan. Da makullin yana aljihuna da na buɗe. Na ji daɗi da ba ya nan.

Zafi ya shigo, Injiniya shiru. Na kira shi.

"Baba, kayan suna can bakin teku. Iyaka a rufe, sai an zagayo da su ta wata ƙasa."

"To ka zo ka buɗe mini kawai."

"An turo ni gabas aiki, nesa ƙwarai, makullin kuma yana wurina. Na sa hannu a kansa, ba ni da ikon ba direba. Ba za su maido ni wajenku ba sai memwar ta iso. In na ce musu buhu zan je buɗewa, ka san sauran."

Na san sauran.

Ranar kasuwar Gidan Amumune na bi ta rumfar masu cajin waya, na ji wani yana cewa a sa masa wa'azi a memwar. Na tsaya. Ga su nan a faranti, ƙanana kamar farce, tuli guda. Na koma gefe na kira Injiniya.

"Abin da kuke jira daga teku ga shi a kasuwarmu. Babba zan ɗauka ko ƙarama?"

Ya yi dariya har ya sarƙe. "Baba, wannan ta waya ce, ta ajiye waƙa da hoto. Tamu doguwa ce kamar yatsa, tana da haƙora a gefe. Ita ce na'ura ke tunani da ita lokacin da take aiki. Ko cikin irin tata ma ba kowace ke shiga ba."

Maƙwabcina na gona yana tsaye kusa, ya ji komai. Kirista ne, iyakarmu ɗaya tun iyayenmu, kuma ba ya barin abin dariya ya wuce. Bayan uwar yara, shi kaɗai na gaya wa inda irin yake. Daga ranar in mun haɗu sai ya ce, "Maƙwabci, yaya jikin memwar? Ta fara cin abinci?" In ce masa ta gaishe shi.

Sai ga labari memwar ta iso Maraɗi. Na yi murna. Kwana kaɗan Injiniya ya kira ya ce an aiko masa hotonta, ba ita ba ce. Tsagar da ke tsakanin haƙoranta ba ta dace da gurbin na'urarmu ba, ta wata na'ura ce ƴar'uwarta. An mayar. Ni da ban taɓa shiga lakwal na yi boko ba, na wayi gari na san memwar tana da tsaga, kuma tsagar tana da wuri.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Masu iri suka fara binne, suna zuba shi a busasshiyar ƙasa su jira. Wata rana bayan azahar ruwa ya sauka, mai kyau, har ya cika kwari. Washegari gari ya watse gona. Ni ina zaune a bakin shinge.

Uwar yara ta zo da taɓarya da wani guntun ƙarfe. Ba ta saba zuwa wurin ba.

"Malam, kwaɗon nan bai fi na ɗakina ƙarfi ba."

"Ya fi."

"To a gwada."

"In na fasa, an kore ni, an kore shi. Shi taimakona ya yi."

"Ƙarfe za mu ci baɗi?"

"Bana ma shi muka ci."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar. Ta ce, "Kai da ubanka, ɗaya ya buɗe da wuri, ɗaya ya kasa buɗewa." Ta ɗauki taɓaryarta ta tafi. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa.

Maƙwabcina ya kawo mini ɗan abin da ya rage masa a ƙwarya, na shuka bakin gona. Sauran ta zauna. Ina wucewa ina ganin hatsin mutane ya tsiro, layi-layi, tawa kuwa ciyawa. Kullum ina lissafin lokaci a raina: in aka ƙara jinkiri, hatsi ba zai nuna ba kafin ruwa ya ɗauke. Na daina kiran Injiniya, don na ga kiran yana dama masa rai, kuma ba shi da abin yi.

Shi ya kira. Ya ce, "Baba, tana aljihuna. Motar aiki ba mai, amma ina tafe."

Da hantsi ya iso a bayan kabu-kabu, wandonsa duk laka, don an kwana ana ruwa a hanya, mu ma mun samu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya buɗe ƙofar. Buhunan suna nan yadda muka bar su. Na kwance bakin ɗaya na zura hannu. Sanyi ƙalau, ba ƙwaro ko ɗaya, waken kamar jiya aka ɓare shi.

Uwar yara ta riga ta kawo jaki. Ta ce in taho. Na ce su yi gaba. Na jira abin nan wata da watanni, sai na ga kamanninsa.

Ya kashe na'urar, rezo ya ɗauke a garin. Ya ɗaura igiyarsa, ya buɗe murfin sama, ya fito da ita. Ƴar siririya, koriya. Ya nuna mini tsagar, ya nuna mini inda za ta zauna. Ya danna, ta ce ƙyas. Ya rufe, ya kunna, ya daɗe a kan ordinata yana zuba sabon tsarin. Sannan ya ɗauko katin daga leda ya tura. Fitilar ta kama ja, ta yi ta ƙiftawa, ta koma kore.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wannan ƴar abar ce ta hana ni shuka."

"Ita ce, Baba. Ka yafe mata."

Da na isa gona na tarar da mutane. Maƙwabcina ya gama tasa shukar tuni, hannunsa a sake, ya zo da iyalinsa da sungumi, ya kira wasu. Yana sara yana cewa a yi a hankali, wannan iri ne ɗan gata, a kilim ya yi bazara. Kafin la'asar ta yi sanyi mun rufe gonar.

Hatsin bai cika yadda na so ba, jinkirin ya taɓa shi. Waken kuwa ya yi. Mun ci, mun ware iri, har na mayar wa maƙwabcina ƙwaryarsa a cike.

Bayan girbi Injiniya ya zo duba na'ura. Na kawo buhunana bakin ƙofa. Ya dube su, ya dube ni.

Na ce, "Tukuna. Akwai abin da take jira?"

"Ba ta jiran komai."

"Wancan gurbin mai marfi fa?"

"Sun ce wataƙila baɗi a kawo masa kati."

"Memwar za ta ɗauke shi?"

"Wannan karon na duba. Har da saura."

Na sa buhun hatsi a ciki. Na wake na mayar gida na ba uwar yara, na ce ta ɓoye inda ban sani ba. Har yau ban gano wurin ba, ban kuma nema ba.