Dakalin da Inna Ta Zauna a Ingila

Asabar, unguwarmu ta Highbridge

Tun kafin asuba Malam Idi, mutumin Maraɗi mai tasi, ya iso ƙofar gidanmu. Ni da mahaifiyata Inna za mu Ingila ganin jaririn da aka haifa wa yayana Sani. Da ƙyar na fito da ita. Tun rasuwar Baba ba ta son fita. Maza ne suka kai shi makwanci a New Jersey, mu mata muka zauna a gida kamar yadda aka saba, don haka ba ta taɓa ganin inda yake ba. Kullum maganarta ɗaya: an yar mata da miji a daji cikin ƙanƙara.

A jirgi ta ƙi abincinsu, dabino ta yi ta ci har Landan. Daga nan jirgin ƙasa, sannan bas, muka isa ƙauyen su Sani a gajiye liƙis.

Lahadi, ƙauye

Da hantsi Sani ya fita da mu ganin gari, ya yanke ta harabar wata tsohuwar coci. Ko'ina manyan akwatunan dutse ne, gansakuka ta rufe su. Inna mai ciwon gwiwa ta samu ɗaya ta zauna, tana yaba wa Turawa da suka yi wa tsofaffi dakali.

Sani ya sosa ƙeya. "Inna, kabari ne fa."

Ban taɓa ganin gwiwar nan ta miƙe da sauri haka ba. Sai da ta gama salati muka duba rubutun: miji da mata da 'ya'yansu, tun zamanin kakannin kakanni, rabin sunayen ruwa ya cinye.

Can gefe wata tsohuwar Baturiya na durƙushe tana cire ciyawa a wani ƙaramin kabari, tana ta magana. Inna ta sa na tambaye ta da wa take yi. Ta ce da mijinta, tana gaya masa rufin ɗaki ya sake yoyo. Inna ta ce in tambaya ko yana jin ta. Matar ta ce ai ko da yana raye ba ji yake ba.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabona da jin dariyarta tun kafin takaba. Ni kuwa hawaye na yi.

Laraba, komawa

Malam Idi ya tarbe mu a filin jirgi. Muna shiga mota Inna ta ce, "Idi, kana cikin waɗanda suka kai Malam makwanci?"

"Ina ciki, Hajiya."

"To can za mu fara."

Na tuna mata mu mata ne. Ta ce addu'a za ta yi, ba kururuwa ba.

Muka tsallaka gada, muka yi ta tafiya. Wurin tsaf yake, an aske ciyawa, ga sunan Baba a ɗan allo. Damansa wani ɗan Senegal, hagunsa ɗan Bangladash. Ta daɗe tana addu'a, sannan ta ce a hankali, "Ashe kana da maƙwabta, Malam."

Mun iso gida bayan magariba lafiya, mun gode Allah, mun gode wa Sani da iyalinsa. Ina fama da akwatuna na jiyo Inna ta leƙa tagar tasi tana tambayar Malam Idi ko yana da aiki ranar Juma'a.