Kabarin da ke ƙarƙashin jirginmu

Har yau ban manta da ranar da Mma Adiza ta so fasa hajji saboda jirgi ya cika sauri ba.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, ina ɗan rakiya a wani ofishin jigilar alhazai a unguwar Nima, cikin Accra. Aikin ɗan rakiya shi ne ya tara maniyyata, ya yi musu bita, ya bi su jirgi har Jidda. Ranar bitar na ce musu daga Accra zuwa Jidda kilomita dubu huɗu ne da ɗoriya, tafiyar kamar awa shida. Kowa ya yi kabbara, ban da Mma Adiza, wata tsohuwa mai sayar da koko a unguwar Maamobi.

"Ei, ɗana, awa shida? To ina za a tsaya?"

"Ba a tsayawa, Mma. Jirgi ba trotro ba ne, motar haya mai tsayawa ko'ina."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Da aka watse ta gaya mini tun tana amarya ita da mijinta suka kama hanyar Makka a ƙafa. Bayan sun shiga ƙasar Sudan 'yarsu Rabi ta rasu a goye, suka binne ta gindin wata bishiya, suka juyo gida. Masu tafiyar ƙafa kuwa ba sa wuce kabarin nasu sai sun tsaya sun yi sallama.

"In zan tsallake Rabi ban gaishe ta ba, a ba wani kujerar."

Na kai wa maigidana, Alhaji Issifu, maganar. Ya ce, "Ba ta kujerar taga. Sauran kai da matuƙi."

Da muka tashi na roƙi ma'aikacin jirgi ya isar da saƙo ga matuƙi, a gaya mana in mun shiga Sudan. Muka yi ta tafiya bisa gajimare fari tas kamar audugar da aka shanya. Alhazai suka yi barci, Mma Adiza kuwa goshinta na jikin gilashi. Ni dai ina ta fatan kada a manta da mu.

Can sai ga ma'aikacin ya sunkuyo: "Matuƙi ya ce yanzu muka shiga Sudan."

Gajimaren ya yaye. Ƙasa ja, ba gari, ba hanya, sai ɗigo-ɗigon bishiyoyi. Mma Adiza ta ɗora tafin hannunta a kan taga.

"Salamu alaikum, Rabi. Ni ce. Na daɗe, ko?"

Ta yi addu'arta a hankali. Ni da na zo rakiya, hawaye suka hana ni cewa amin.

"Mun wuce?"

"Mun wuce, Mma."

"To. Yanzu a kai ni Makka."

Tun daga ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata: faɗin awa shida ba wuya. Kafin ku rarraba kujeru, ku tambayi kowane tsoho ko yana da wani a hanya.