Isma'il Gwadabe, Golan da Ya Ƙi Binne Mahaifinsa a Takarda

An haifi marigayi Isma'il Gwadabe, wanda 'yan kallo suka fi sani da Kabo, a birnin Umdurman a shekarar 1951. Mahaifinsa Malam Gwadabe Ibrahimu maɗinkin jallabiya ne, ɗan wani maniyyaci da ya baro ƙasar Kano da ƙafa, tafiya ta tsaya masa a bakin Kogin Nilu, ya zauna har ajali. Mahaifiyarsa Hadizatu ita ma haihuwar Umdurman ce.

Karatu da ƙwallo

Ya sauke Alƙur'ani a 1964, ya yi makarantar gwamnati har matsakaiciya, sannan a 1969 wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta birnin ta ɗauke shi gola, inda ya shafe shekara goma sha biyu yana tsare mata raga, har magoya bayan abokan hamayya ma suna tafa masa.

Al'amarin 1974

A 1974 aka zaɓe shi cikin tawagar da za ta wakilci ƙasa a waje, sai aka tarar ba shi da jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda sai da ita ake ba da fasfo. Wata huɗu ya yi yana sintiri zuwa Khartum, babban birnin ƙasar, wani jami'i yana duban sunan Gwadabe yana yatsine fuska, yana cewa a ƙaro shaidu. Mutumin da aka binne cibiyarsa da ta ubansa a Umdurman, shi ake tambaya daga ina ya fito. Shugabannin ƙungiyar suka kawo tasu dabarar: a rubuta shi Isma'il Salih, a jingina shi ga wani attajiri mai wannan suna, takarda ta fito cikin mako guda. Ya ce musu uban da ya ɗinka masa rigar gola ta farko yana nan da ransa, shi ba zai binne shi a takarda ba. Jirgi ya tashi ba tare da shi ba. Don tsabar rashin ta ido, ƙungiyar ta shiga buga Isma'il Salih a takardunta na talla, wai ya fi daɗin faɗa.

Aure da sana'a

Ya auri Aliya a 1977, ya ajiye ƙwallo a 1981, ya buɗe rumfar takalma a Kasuwar Libiya da ke nan Umdurman. Jinsiyyar ta fito a 1988, da sunan Gwadabe cikakke, a lokacin da gwiwa ta riga ta tafi, Malam Gwadabe kuma yana ƙasa shekara uku. Ihu bayan hari ke nan.

Rasuwa

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya cinye rumfarsa, maganin ciwon sugan da yake fama da shi ya yanke, ya ƙi barin gidan mahaifinsa. Allah ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Fabrairu, 2024, aka yi masa sutura a tsakar gida, domin hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. A 2025 aka tono shi aka mayar da shi maƙabarta kusa da Malam Gwadabe.

A ƙarshen wannan shekarar tsohuwar ƙungiyarsa, wadda ba ta taɓa leƙo shi yana jinya ba, ta shirya taron tunawa da fitattun da suka rasu, aka rataya hotonsa, aka rubuta Isma'il Salih a ƙasa da manyan baƙaƙe. Wallahi abin da ciwo: sunan da ya yi asarar jirgi don ya ƙi shi, shi aka liƙa masa da ya zama ba shi da bakin musu. Babbar 'yarsa Ruƙayya ta hau dandamali, ta karanta takardar yabon da aka miƙa mata, ta mayar wa shugaban taron, ta ce wannan mutumin ba su san shi ba, a nemi iyalansa a ba su.

Ya bar matarsa Aliya da 'ya'ya huɗu: Ruƙayya Isma'il Gwadabe, Suhaib Isma'il Gwadabe, Ikhlas Isma'il Gwadabe, da Walid Isma'il Gwadabe. Haka sunayen suke a takardunsu, haka kuma nasa yake a kan kabari. Allah ya jiƙan ɗan Malam Gwadabe, ya kyautata makwancinsa.