Hudojin da ke Jikin Siririyar Taba

Na taso ina karanta littattafan da ake bayarwa haya a wani shago da ke bakin layinmu, irin waɗanda bangonsu ya yi laushi saboda yawan hannu. A cikinsu namiji ba ya tari. Kafin ya shigo ƙamshin turarensa ya riga shi, ya zauna gefen gado, ya kalli matarsa har ta sunkuyar da kai. Da aka ɗaura mini aure da ɗan kasuwar da ke sayo kaya a Sin, na ɗauka na faɗa cikin ɗaya daga littattafan nan. Kuma ban yi kuskure sosai ba. Mijina mutum ne mai taushin murya, yana saya mini furen gaske a bakin tashar jirgin ƙasa, ya riƙo shi a bayansa kamar wanda ya yi sata.

Abin da ban sani ba sai da na bi shi Guangzhou muka zauna a wani ɗan gida kusa da titin Huanshi Lu. A Kano ban taɓa ganinsa da taba ba, danginsa ma har yau ba su sani ba. A can kuwa, in na rungumi rigarsa zan wanke, ƙarƙashin turaren akwai wani ƙauri da ba na girki ba.

Da na tambaye shi bai yi musu ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin yadda ciniki yake a garin. In ka shiga shago ko masana'anta, mai wurin, wanda suke kira lawban, zai zuba maka shayi a ɗan mitsitsin kofi, sannan ya zaro kwalin taba ya miƙo maka kara ɗaya da hannu biyu. Shi zai kunna maka, kai kuma ka kare wutar da tafin hannunka. Sai an yi wannan ake fara maganar kaya.

"In na ƙi karɓa kamar mutum ya ba ni hannu na noƙe ne," in ji shi. "Haka na fara, Amarya. Karɓa kawai nake yi. Ban san ranar da na fara saye da kaina ba."

Na yi masa kuka irin wanda na koya a littafi, na juya baya, na ƙi cin abinci. Ya lallashe ni. Bayan 'yan kwanaki ya dawo gida yana murmushi, ya ajiye wani kwali a gabana. Siriri ne, fari, da zanen fure a jiki, kamar kwalin jan baki. Karan da ke ciki bai kai rabin kaurin na da ba. Ya nuna mini wata lamba a gefen kwalin.

"Kin ga wannan? Ita ke nuna yawan dattin da ke ciki. Ta dā babba ce, wannan kuwa 'yar ƙarama. Kusan iska nake sha. Daga nan sai bari."

Na yi murna har na soya masa kaza. Na ma riƙa ganin kwalin ya yi kyau a aljihun gaban rigarsa.

Amma tarin da ya daɗe yana yi bai tafi ba. Da asuba yakan daɗe a banɗaki yana kakari kafin ya yi alwala. In muka hau gadar tsallake titi sai ya tsaya a tsakiya ya kama ƙarfe, wai yana kallon motoci. Na lura kuma siririyar ba ta daɗewa a hannunsa, yana zuƙarta har kumatunsa su lotsa, ya riƙe hayaƙin a ƙirji, yana gama ɗaya ba a jima ba ya kunna wata. Mahaifinsa ciwon ƙirji ne ya kai shi, ko da yake shi bai taɓa shan taba ba. Tsoron da nake kwana da shi ke nan: kada wata rana in koma Kano ni kaɗai.

A benen da muke akwai wata 'yar Maraɗi mai sayen kayan mata tana aikawa gida. Ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Ta daɗe a garin har tana jin Sinanci, tana kuma faɗa da shi, wanda ya fi wuya. Ita ta riƙa jana kasuwar Baima don kada zaman gida ya kashe ni. A hawa na sama na kasuwar akwai wata dattijuwa mai shagon dogayen riguna, siririya mai gajeren gashi da furfura, kowa na ce mata Ayi, wato kamar a ce inna. Duk launin da ka tambaya sai ta fara ce maka "meyo", babu, sannan ta shiga ciki ta fito da shi.

Wata rana da hantsi muna shagonta, na buɗe jaka zan ciro ƙyallen da nake neman irinsa, sai kwalin tabar ya faɗo ƙasa. A aljihunsa na tsince shi da safe, na ɓoye don haushi, na manta.

Yaya ta dafe ƙirji. "La ila! Bakanuwa, yaushe kika fara? Ashe shirun nan naki ba na banza ba ne."

"Haba Yaya, ki rufa mini asiri. Ta maigida ce."

"Ta maigida da fure a jiki? To Allah ya kyauta, mazan Kano sun gama lalacewa."

Ayi ta riga ni ɗauka. Ta juya kwalin, ta dubi lambar da ke gefe, ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Na ce wa Yaya ta gaya mata wannan mai sauƙi ce, ba ta da illa kamar sauran, da ita yake shirin bari. Yaya ta faɗa mata. Ayi ta zaro kara ɗaya, ta ɗauko ɗan almakashin da take yanke zare da shi, ta tsaga takardar da ta naɗe audugar bakin tabar, ta warware ta a hankali. Sannan ta kunna fitilar wayarta ta ɗora takardar a kai, ta yafito ni.

Na sunkuya. Haske na fitowa ta wasu 'yan hudoji da aka jera a layi, sun zagaye takardar, ƙanana kamar an yi su da tsinin allura. Da ba don fitilar ba, ko shekara na yi ina kallo ba zan gan su ba. Gaskiya sun yi mini kyau, kamar taurari a jere, har na kusa faɗa.

Ayi ta fara magana, Yaya tana juya mini. Ashe kafin ta shiga kasuwa ta yi aiki a wani kamfanin taba a garinsu, a ɗakin gwaji. Ta ce akwai injin da ke shan taba. Ana jera masa karare, ya kama kowanne da ɗan bakinsa, ya zuƙa a hankali daidai wa daida, a auna abin da ya shiga cikinsa. Injin a can ƙarshe yake kamawa, hudojin suna waje, iska na shiga ta cikinsu tana tsinka hayaƙin. Abin da aka auna shi ne lambar da ake bugawa a kwali.

Sai ta ɗauki wani karan ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu kamar yadda maza ke yi, ta kai bakinta ba tare da ta kunna ba. Yatsun da leɓen suka rufe daidai wurin hudojin.

"Ta ce injin ba shi da yatsu," in ji Yaya. Dariyar ta bar fuskarta. "Ta ce kuma injin ba ya jin kwaɗayin taba. Mutum kuwa jikinsa ya san adadin sinadarin da ya saba da shi, nikotin ɗin nan. In ya ji bai kai ba sai ya ƙara ƙarfin zuƙa, ya tura hayaƙin can ƙasan huhu, ya ƙara yawan karare. Masu yin ta sun daɗe suna nazarin yadda mutane ke riƙewa da yadda suke ja, ba baƙon abu ba ne a wurinsu."

Na tuna kumatun mijina. Na zauna a kan wani ƙullin riguna ba tare da an ce in zauna ba.

Ayi ta tambayi dalilin da ya sa bai bari gaba ɗaya ba. Na ba ta labarin lawban da hannu biyu. Ta kaɗa kai ta ce gaskiyarsa ce, ƙin karɓa da hannu wofi ba daɗi. Amma ai ba tabar ce ake girmamawa ba, miƙawar ce. Ya riga su miƙa wani abu. In ya shiga, kafin a zaro kwali ya zaro nasa, da hannu biyu, ya ce na garinsu ne. Wanda ya karɓi naka ba zai ji haushi don ka dafa ƙirji ka ce likita ya hana ba.

Ta naɗe 'yar takardar a cikin leda ta ba ni. Na ce mata "sheshe", na gode, shi kaɗai na iya, na yi ta maimaitawa har Yaya ta ce in bari haka kada a ɗauka tsuntsu na koma.

Da la'asar da ya dawo ban yi kuka ba. Na kunna fitilar wayata na nuna masa hudojin, na ba shi labarin injin da shawarar Ayi, sannan na ce ya riƙe kara ɗaya yadda ya saba. Ya riƙe. Ya kalli yatsunsa ya daɗe.

"Ashe ni ne injin da ya fi arha," in ji shi a hankali.

Da goro ya fara miƙa wa masu shaguna. Ya samo wurin wasu 'yan Gana, na wanke na naɗe masa a danyen ganye. Ranar ya dawo yana dariya har da hawaye. Wai wani lawban a unguwar Tianhe ya karɓa da ladabi, ya gatsa, fuskarsa ta tattare kamar an matsa lemon tsami, amma don kunya ya haɗiye ya ce akwai daɗi, sannan ya shanye shayin butar gaba ɗaya. Daga nan muka koma dabino. Na saya masa ɗan gwangwani mai kyau da ke shiga aljihu, kullum da safe in cika shi. Dabino ya karɓu. Har akwai wanda yake tambaya ko da saura ya kai wa matarsa.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai makonnin da mijina mai taushin murya ya koma wani mutum, ƙarar cokali ma faɗa ce. Ya koma ya sha, ya bari, ya sake komawa. Sai da ya je asibiti aka ba shi wani abu da ake mannawa a dantse. Ni dai na yi ta cika gwangwani ina addu'a. A hankali kakarin asuba ya ragu, wata rana na farga na daɗe ban ji shi ba.

Da damina ta wuce na ce lallai sai ya bi ni Baima. Na haɗa wa Ayi turaren wuta da humra da aka kawo mini daga gida. Yaya ta shige gaba tana shela tun daga bakin shago cewa ga mai furen nan an kawo.

Ayi ta dube shi sama da ƙasa. Ta kamo hannunsa na dama ta cikin hannun riga, ta ɗaga yatsunsa biyu kusa da hancinta ta shinshina, kamar uwar da ke tuhumar ɗanta. Mijina, babban mutum da gemunsa, ya tsaya cak yana kallon silin. Ta daɗe. Sannan ta saki hannun ta juyo wurina.

"Meyo," in ji ta. Babu ƙaurin taba.

Ta jawo mana kujeru, ta ɗora ruwan shayi.